Hoton allo ba kuɗɗi ba ne

  

Yau rubutu zan yi, don maganar da ke bakina ta fi ƙarfin minti ukun da muke ba mai kira a rediyo. Wanda ranshi zai ɓaci ya yi haƙuri tun yanzu, amma ba zan janye ko kalma guda ba.

Sati biyu da sunka wuce, cikin shirinmu na safe, wata Hajiya mai saida atamfa da leshi da turare ta kira mu. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi unguwarsu ba. Muryarta na rawa. Tac ce wani yaro ya gina mata shago a intanet, ta biya shi jika 150. Akwai hotunan kaya, akwai farashi, akwai wani koren maɓalli da anka rubuta ma "Payer maintenant". Mai saye in ya taɓa maɓallin, sai ya kai shi WhatsApp ɗinta, ya ga lambar da zai tura kuɗɗi. In ya tura, sai ya ɗauki hoton allon wayarshi, kaptir kamar yadda muke cewa, ya aiko mata. Ita kuma ta ɗaure kaya ta kai tasha. Wata uku abin na tahiya lafiya lau. Ran nan wani ya zaɓi kayan jika 85, ya aiko kaptir: suna daidai, adadi daidai, har da awa da minti. Rezo ya yi nauyi ranar, saƙon shigar kuɗɗi bai zo mata ba, tac ce a ranta ai ya saba makara. Mota na shirin tashi, ta ba da kaya. Har yau da nike wanga rubutu ko dala ba ta shigo ba, lambar mutumin kuma a kashe take. Hoton ne anka gyara.

Da ta aje waya, mutane sunka yi ta kira. Wasu sunka ce sakacinta ne. Wasu sunka ce intanet duk yaudara ce, a koma ga hannu da hannu. Wani dattijo ma yac ce mu 'yan lakol mu munka kawo wannan bala'i cikin gari. Na saurare su duka, amma babu wanda ya taɓa inda ƙurjin yake. An saida ma Hajiya abin da babu shi. An ce mata an haɗa shagonta da hanyar biya ta intanet, alhali ƙofa ce anka zana da fenti a jikin bango. Kuma ba ita kaɗai ba. Ku duba shagunan garin nan da ke talla a Facebook da WhatsApp, ku ƙirga nawa ne ba su cewa "turo kaptir".

Bari in faɗi yadda abin yake in an yi shi bisa ƙa'ida. Na zauna da yaran da sunka karanta anformatik a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa da wasu da sunka karanto a Yamai, na yi ta tambayarsu har sunka gaji da ni. Duk wanda ya taɓa sayen rago a kasuwar Lahadi ta Tawa, ko sa a Badagishiri, ya riga ya san rabin darasin. Mai saye ba ya ce ma mai dabba "na biya" ya kama igiya ya yi gaba. Akwai dillali tsakani. Shi ke amsar kuɗɗi, ya ƙirga, sa'an nan ya juya ga mai dabba ya ce sun cika, a saki igiya. Bakin dillali ke sakin igiya.

A intanet dillalin nan shi ne kamfanin biya: na wayar salula, ko na aika kuɗɗi, ko banki. Shagon Hajiya kuma yana magana da shi ta wata ƙofa da masu sana'ar ke ce ma API. Ba sihiri ba ne. Yarjejeniya ce ta yadda na'ura za ta yi ma na'ura magana, wace tambaya za ta yi, wace amsa za ta jira. Kamfanin yana ba mai ginin makullai, akwai na fili, akwai na sirri. Mai saye ya zaɓi atamfa, sai na'urar shagon ta aika ma kamfanin cewa ga ciniki mai lamba kaza, jika 85, daga waya mai lamba kaza. Kamfanin ya turo tambaya a wayar mai sayen, ya sa lambarshi ta sirri da hannunshi. In kuɗɗin sun fita, kamfanin da kanshi zai aiko manzo zuwa na'urar shagon, ya ce ciniki mai lamba kaza ya biyu. Manzon yana ɗauke da hatimi, wanda shagon zai bincika da makullinshi na sirri kafin ya yarda da shi. Sai a lokacin ne allon Hajiya zai ce mata ta ɗaure kaya. Tun daga farkon hanyar nan har ƙarshenta, babu inda anka ce mai saye ya kawo shaida. Ko ya fi aljani iya gyaran hoto, ba shi da wurin kai shi.

To, da ku zan fara, masu ginin, don ku ne ƙannena, kuma ku na fi jin haushi.

Wanda ya sa maɓallin WhatsApp ya kira shi hanyar biya, ya amshi jika 150, ni ban san sunan da zan ba aikinshi ba in ba zamba ba. Da ya ce ma Hajiya, Inna, abin da zan iya yi miki shi ne wurin nuna kaya, biya kuma sai kin gani a asusunki da idonki, da ya fita hakkinta. Gaskiyar ba ta da tsada. Amma kalmar "paiement en ligne" tana ƙara ma farashi jika 100, shi ya sa anka faɗe ta.

Akwai kuma waɗanda sunka ɗan fi wannan ƙoƙari. Suna buɗe YouTube, su sami wani Bature yana koyar da yadda ake haɗa Stripe cikin minti ashirin, su kwafe layi bayan layi. Stripe babban kamfani ne na Amurka, aikinshi ba shi da aibu, amma ba ya buɗe ma ɗan kasuwar da ke da rajista a Nijar asusu. Ko da yana buɗewa, mi za ka nuna ma mai saye? Wurin rubuta lambobi 16 na kart Visa, da ranar mutuwar kart ɗin, da lambobi uku na baya. Don Allah, a Kalfu ko Afala ko Barmu, mutum nawa ke yawo da Visa a aljihu? Ka gina ma jaki garejin mota, sa'an nan ka koma fada kana cewa mutanen Adar ba su waye ba.

Kwafe ba tare da karatu ba yana da wani haɗari da ya ba ni dariya ranar da anka nuna mini, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Dalar Amurka tana da santi ɗari, naira tana da kwabo ɗari, saboda haka darussan can suna cewa ka ninka farashi sau 100 kafin ka aika. Sefa tamu ba ta da wannan ƙaramin kaso a ciniki, kuma akwai kamfanonin da ke amsar adadin yadda yake. Wanda ya kwafo ninkin nan bai duba takardar kamfanin ba, takalmin jika 5 zai koma 500.000 a wayar mai saye. Ran da hakan ta faru da mutum guda a Tawa, kafin la'asar duk gari ya ji, kuma babu wanda zai sake taɓa maɓallin.

Sauran kurakuran ba su ba da dariya ko kaɗan. Akwai wanda ke ɗaukar shafin "mun gode, an biya" a matsayin shaida: da zarar mai saye ya iso shafin, sai a rubuta ciniki ya kammala. Alhali duk wanda ya san adireshin shafin zai iya rubuta shi da hannu ya shiga, bai biya ko tamma ba. Wannan kaptir ce ita ma, ta sa kwat da taye kawai. Akwai wanda ke barin farashi a hannun wayar mai saye, har yaro mai wayo ya mai da jika 85 ya koma dala ashirin, kamfani ya ce an biya, kuma gaskiya ne an biya, dala ashirin ɗin. Na'urar shagon ita ya kamata ta riƙe farashi, in manzo ya zo ta gwada abin da anka biya da abin da take bi. Akwai wanda ke barin makullin sirri cikin rubutun shafin da kowa ke iya buɗewa, ko ya ɗauki hotonshi ya jefa a grup yana neman taimako. Kamar ka rataye makullin rumbu a bakin rumbu ne ka tahi gona.

Sai babbar magana, wadda ita ce tamu ta nan: rezo. Kamfanonin biya suna ba da filin gwaji, inda ake wasa da kuɗɗin ƙarya kafin a taɓa na gaske. Da Faransanci akwatin rairayi ake ce mishi, abin da mu kam ba mu rasa ba. Yaro zai zauna a biro mai wifi da sanyin klim, ya gwada sau goma, sau goma abin ya yi kyau, ya ce aiki ya ƙare. Aiki bai ma fara ba. Ka ɗauki wayarka ka hau mota zuwa Takanamat ko Tabalak ranar kasuwa, ka gwada a can. Mai saye zai taɓa maɓalli, allo ya tsaya yana juyi, ya sake taɓawa, ya sake. Sau nawa za a cire mishi kuɗɗi? In kuran ya ɗauke, ko na'urar shagon ta yi shiru daidai lokacin da manzo ya iso, mi zai faru da cinikin? Kamfanin yakan sake aiko manzon in bai ji amsa ba. In ya zo sau uku, shagonka zai ƙirga ciniki uku ko ɗaya? Maganin duk wannan sananne ne: kowane ciniki da lambarshi wadda ba a maimaitawa, abin da anka riga anka rubuta ba a sake rubuta shi, wanda ya rataya kuma shagon ya koma ya tambayi kamfanin da kanshi halin da yake ciki. Da dare a gwada littafin shago da na kamfani, kamar yadda kowane mai kanti ke ƙirga aljihun tebur kafin ya rufe. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya kyau a hoto, ba a samun tafi a kanshi. Amma shi ne aikin. Wanda bai yi shi ba fenti ya yi.

Wani abu kuma da ban taɓa ganin an kula da shi ba. Uwata, Allah ya ƙara mata lafiya, ba ta ƙirga da faran. Da dala take ƙirga, kamar kusan duk matan kasuwarmu. In tac ce ɗari, dala ɗari take nufi, wato 500. In allo ya nuna mata 100, ita da allon ba magana ɗaya suke ba. Mi zai hana a rubuta adadin da faran, a ƙarƙashi a sa "jika biyu da dala ɗari"? Mi zai hana a sa murya ta faɗi adadin da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci kafin mutum ya sa lambar sirri? Mu a rediyo da murya muke cin abinci, mun san yadda mutanen nan ke yarda da abin da kunnensu ya ji. Amma a'a, sai "Veuillez confirmer votre transaction". Ni da na yi lise ma sai na karanta sau biyu.

Yanzu bari in juya ga manya, don kar a ce na tasa yara gaba na bar masu ƙarfi.

Ɗaya daga cikin yaran nan ya buɗe mini wayarshi ya nuna mini wasiƙu uku da ya rubuta ma wani kamfanin biya. Ba zan kama suna ba. Abin da ya roƙa kawai takardar bayanin ƙofarsu da makullin gwaji, na kuɗɗin ƙarya. Biyun farko ba a amsa ba. Ta ukun anka ce ya zo hedkwata a Yamai da takardar buƙata. Kilomita sama da 500, kuɗin kar zuwa da dawowa, masauki, abinci, don a ba shi izinin karanta takarda. Yaron da ke gyaran wayoyi a bakin kasuwa don ya sami na forfe. Ya haƙura. Wa zai yi mamaki in gobe ya sa maɓallin WhatsApp?

Ku dubi yadda wasu sunka yi. A Kenya, Safaricom ta fito da M-Pesa a 2007. Daga baya ta buɗe wani dandali na masu gina manhaja mai suna Daraja. Da Swahili gada ke nan, da Hausa kuma kun san ma'anarta, duka biyun sun dace. Yaro a ƙauyen Kenya zai yi rajista daga ɗakinshi, ya karanta bayanin, ya sami makullin gwaji, ya fara koyo a ranar. A Legas, samari biyu, Shola Akinlade da Ezra Olubi, sunka kafa Paystack a 2015, kuma abin da ya jawo musu masu gini shi ne sauƙin shiga ƙofarsu. A watan Oktoba na 2020 Stripe ta saye kamfanin, kan kuɗɗin da anka ruwaito sun haura dalar Amurka miliyan 200. Ba su yi arziki don sun ɓoye takarda a aljihun tebur ba.

Na san amsar da za a ba ni: tsaro, dokokin BCEAO, yaƙi da halatta kuɗɗin haram, dole a san wanda ake hulɗa da shi. Na yarda, kuma ina goyon baya. Ranar da za a ba mutum makullin kuɗɗin gaske, a bincike shi ciki da bai, a ga takardunshi, a san shagonshi. Amma wane ɓarawo ne zai yi sata da kuɗɗin ƙarya na filin gwaji? Wane sirri ne ke cikin bayanin yadda ake aika tambaya a sami amsa? Kuma ko binciken takardun ne, kamfanonin nan duk suna da ajans a Tawa. In ajans ɗin ta isa ta amshi miliyoyin 'yan bida kowace rana, ta isa ta amshi takardun ɗan kasuwa ta tura Yamai.

Ban raina abin da anka yi ba. Nita da Amana da Al Izza sun kai gishe garuruwan da banki bai taɓa takawa ba, kuma yau akwai MyNita da AmanaTa a wayoyin mutane. Ga Airtel Money, ga Moov Money, ga Zamani Cash. Amma ku dubi bangon kowane shago: lambobi huɗu ko biyar anka rubuta da alli ko anka liƙa, kowace da kamfaninta. Abin da ke jikin bangon nan shi ke jiran mai gini a intanet, kowace ƙofa da makullinta da yarjejeniyarta. Shi ya sa ake da kamfanonin da ke tara ƙofofin wuri ɗaya, irin CinetPay ta Abijan da PayDunya ta Dakar, mai gini ya haɗa da su sau ɗaya. Tun watan Janairu na 2024 BCEAO ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta ma masu irin wannan aiki samun izininta, don haka ɗan kasuwa yana da haƙƙin tambaya: wa zai riƙe kuɗɗina kafin su iso gare ni, kwana nawa, kuma ina izininshi? Ranar 30 ga Satumba 2025 kuma babban bankin ya ƙaddamar da PI-SPI, tsarin da zai sa kuɗɗi su wuce nan take tsakanin banki da asusun waya da sauran cibiyoyi a ƙasashe takwas na UEMOA, har da Nijar. Hanya ce babba anka share. Tambayata ita ce ko za a yi mata reshe ya iso ga yaron da ke bakin kasuwar Tawa, ko kuwa a Dakar da Yamai za ta tsaya.

Masu cewa mutanenmu ba su kai ga wannan ba, ina da labari gare ku, kuma a ƙasar nan tamu anka yi shi. Bayan farin 2009, a shekarar 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, kimanin jika 22 kowane wata har wata biyar, mafi yawan masu amsa mata. Wasu ƙauyukan anka ba su a hannu, wasu anka tura musu ta waya, ta hanyar Zap na kamfanin Zain, wanda ya koma Airtel. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin abin tare da abokan aikinta. Sunka gano cewa gidajen da anka tura ma ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abinci a rana, don matan ba su ɓata yini a tahiya da layi ba, kuma sun fi samun ta cewa a kan kuɗɗin. Matan ƙauye ke nan, da yawansu ba su taɓa zama aji ba, da ƙananan wayoyi masu maɓalli, tun kafin Android ta cika gari. Masu nazarin tattalin arziki a duniya suna karanta sakamakon nan har yau. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu, mu ne ke cewa ba mu waye ba.

Adar kuwa ƙasar aike ce tun kakanni. Wane gida ne ba shi da ɗa a Kodebuwa ko Libiya ko Najeriya ko Kamaru? Ku je bakin ajans ana saura kwana uku Salla, ko lokacin da rumbu ya yi ƙasa gabanin girbi, ku ga layi. Ɗan bidar nan da ke Abijan, abin da yake so shi ne ya biya buhun hatsi a kanti a Keita kai tsaye, a kai ma tsohuwarshi, ya ga shaida ta gaske. Ya biya kuɗin makarantar ɗiyanshi ba tare da sun bi ta hannu uku ba, kowane hannu yana gutsura. Dukanmu mun san gidan da zumunci ya ɓaci a kan "na aiko" da "ban gani ba". Kasuwar da ke jiran masu gini ke nan, ba Turawan da za su sayi takalmin fata da Visa sau ɗaya a shekara ba. Mun kuma ga abin da ya faru daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, lokacin takunkumi, da layukan banki da ƙarancin takardar kuɗɗi da ɗaukewar wuta. Maƙwabtanmu na Sakkwato sun sha irin tasu a farkon 2023, lokacin canjin naira, har mai shayi ya koma amsar tiransifa, kuma tare da ita alat na bogi ya yawaita. Wanda ya ga wannan bai kamata ya jira a sake gaya mishi ba.

'Yan kasuwa, ku ma ba ku tsira ba. Alhaji zai kashe miliyan ya gyara gaban shago da tayil da gilashi, amma in anka zo ga manhajar da kuɗɗinshi za su bi ta ciki, sai ya nemi ɗan ƙanwar matarshi ya yi mishi a kan kuɗin goro. In an ce asusun ɗan kasuwa na buƙatar NIF da RCCM, sai ya ce a'a, masu lanho za su gan ni, a sa lambata ta kaina kawai. Na fahimci tsoron. Na kuma san kamfanin biya yana cire la'adarshi a kowane ciniki, kuma ga mai saida shinkafa da sukari, wanda ribarshi ba ta taka kara ta karya ba, la'adar nan ba wasa ba ce. Ya kamata a bayyana ta a fili, a rubuce, kowa ya gani, a kuma yi ciniki a kanta yadda ake yi da kowane dillali. Amma Alhaji, ka yi lissafi. Jika 85 da Hajiya ta rasa a rana ɗaya, la'adar ciniki nawa ce? Kuma ita ba ta da inda za ta kai ƙara da takarda a hannu, don babu lambar ciniki, babu littafi, hoto ne kawai a WhatsApp.

Kada in manta da masu atiliye. Kowane 'yan watanni sai an tara matasa a otal, kwana uku, an buga bandarol, an sha kafe, an raba perdiyam da takardar shaida, an ce an horar da su a kan "numérique". Ni kaina an sha gayyata ta in ɗauki rahoto, kuma na ɗauka, laifina ke nan a ciki. Ban taɓa komawa bayan wata shida na tarar da shago ɗaya da ke amsar kuɗɗi ta abin da anka koya a wurin ba. Da kuɗɗin otal ɗin nan anka ɗauki yara biyar, anka haɗa kowane da ɗan kasuwa na gaske, kamfanin motoci ko makaranta ko kantin hatsi, anka samo musu makullai, anka ce ba a biyan ragowar sai an ga ciniki ɗari sun wuce lafiya, da yanzu muna da abin nunawa. Kuma a koya musu cewa lambobin waya da sunayen masu saye amana ce. Ƙasar nan tana da doka a kan bayanan mutane, tana da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Ba a tara lambobin matan mutane a fayil ana yawo da su a kile.

Hajiya ta sake kira na jiya, ba a iska ba. Tac ce yanzu ba ta ba da kaya sai ta buɗe asusunta ta ga kuɗɗin da idonta, ko mota za ta tashi ta bar ta. Nac ce haka ya kamata, kuma duk mai shagon da ke karanta wannan ya yi hakan tun daga yau, har ranar da zai sami haɗin gaske. Yaron da ya gina mata shagon kuma ya daina ɗaukar wayarta.

Ran Alhamis mai zuwa, a shirin safe, na keɓe rabin awa. Duk mai ginin da ya ce ya haɗa wani shago na jihar Tawa da hanyar biya ta gaske, ya zo da kwamfutarshi. Zan sayi abu na dala ashirin da wayata a gaban makirfo. Zan taɓa maɓallin sau uku da gangan, zan kashe data a tsakiyar biya in sake kunnawa, sa'an nan mu buɗe littafin shagon mu karanta ma jama'a abin da ya rubuta. Wakilan kamfanonin biya da ke garin nan, na aika muku takardar gayyata, kujerunku na nan. Wanda zai zo ya rubuto mini ta akwatin saƙon shafin nan kafin daren Laraba, don in san yawan kujerun da zan sa a studiyo.